Kwamfutar Baba Ta Kusa Tona Min Asiri

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni, zan faɗa miki abin da ko ƙawata ba ta sani ba: ina rubuta labarin soyayya. Shekaruna goma sha shida. Na karanta irin littattafan nan har na fara jin ana hira a kaina ina wanke-wanke, sai na fara rubutawa. Jarumin nawa likita ne marar son magana, har yanzu ban bar shi ya kama ko gefen mayafin jarumar ba, amma Anti idan Baba ya gani na shiga uku.

Baba tela ne. Shagonsa a jikin gidanmu yake, kuma kwamfutar tana kan wani ɗan tebur tsakanin keken ɗinki da ƙofar falo. Yayana ne ya saka mata manhajar Linux kafin aiki ya kai shi nesa, ya jera wa Baba hotunan aikin wuya a fuskarta don ya riƙa nuna wa masu kawo ɗinki. Ni an ce in riƙa aikin makaranta a kai. To ta tsufa. Ka danna abu, ka je ka sha ruwa ka dawo tana nan tana tunani.

Ranar Talata ina tsakiyar wurin da likitan ya ce ya kasa cin abinci saboda ita, sai ga Baba da wata Hajiya maƙwabciyarmu za ta zaɓi zane. Na danna in sauke tagar rubutun ƙasa. Ta ƙi. Na sake dannawa, komai ya ƙame, rubutuna ɓaro-ɓaro a allo. Allah ya so ni Baba ya tsaya laluben tabaraunsa cikin ƙyallaye. Ita kuwa Hajiya idonta ras. Ta karanta, na ga leɓenta na motsi. Ta dube ni ta yi wani murmushi. Asabar za ta dawo karɓar ɗinkinta, kuma ita ba a sanin ranar da za ta yi magana.

Na tambayi ƙawata da muke ce wa Injiniya, na ce dai kwamfutarmu ce ke nauyi. Ta ce kwalliyar da ke kanta ce ta fi ƙarfinta, in saka manajan taga marar nauyi, wato abin da ke buɗe tagogi ya jera su. Ita i3 take amfani da shi. Na gwada a gidansu, gudu kamar me, amma duk abin da ka buɗe sai ya zauna kusa da ɗan'uwansa a fili, ban ga maɓallin saukewa ba sam, komai sai ka haddace a madannai. Ni da nake rikicewa idan na ji takun Baba? Mai gyaran kwamfuta na bakin titinmu kuma ya ce Openbox. Ya nuna min a tasa, fuska wayam ba komai sai ka danna linzami ta dama. Idan Baba ya kunna bai ga hotunansa ba a gaban mai ɗinki, ba zan sake taɓa kwamfutar nan ba har abada. Yaya kuwa idan na kira shi sai ya ce me nake ɓoyewa, ya san ni kamar yunwar cikinsa.

Wanne zan saka kafin Asabar? Ko in goge labarin in huta? Na gwada, na kasa. Wasiƙar nan ma da biro na rubuta, sau biyu ina yagawa. Wannan kam na ninke ta, yanzu zan fita sayo wa Baba zare, zan miƙa wa mai jarida ya kai miki kafin in canza shawara.

'Yarki mai jin kunya

Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki goge komai. Ki fara kwafe labarinki a filasha yau.

Injiniya ta yi gaskiya, i3 yana da sauri, kuma wanda ya saba yana sauya abin da ke kan allo da danna maɓalli biyu. Amma yana son hadda da natsuwa, ke kuma a firgice kike. Openbox ya fi dacewa da ke: da linzami ake aiki, ana sauke taga, kuma mai gyara zai iya ƙara miki sandar ƙasa mai nuna abin da kika buɗe. Abin da ba su gaya miki ba shi ne, saka sabo ba ya cire tsoho. A wurin shiga, idan an kunna kwamfutar, ake zaɓa. Idan aka buɗe miki asusunki daban, na Baba zai zauna da hotunansa yadda Yayanki ya bari.

Sai dai kwamfutar nan da ita Babanki yake neman abinci. Kada a taɓa ta bai sani ba. Ki ce masa tana ƙamewa a gaban masu ɗinki, gaskiya ce kuma shi ma ya gani.

Batun Hajiya kuwa, babu manajan tagar da ke rufe bakin mutum. Wataƙila murmushin nan na wadda ta tuna ƙuruciyarta ne, wataƙila kuma a'a. Tunda ba ki sani ba, ki riga ta. Ba ki ambaci mahaifiyarki ba; idan tana kusa, ki ba ta shafi biyu ta karanta kafin Asabar. In ba haka ba, ki kira Yayanki, tsokana zai yi ya gama ya tsaya miki. Rubutu ba abin kunya ba ne muddin kin tsare mutuncinki da karatunki, kuma iyaye sun fi jin zafin abin da suka ji a bakin maƙwabta.

Allah ya sanyaya zuciyar Baba, ya yi wa hannunki albarka.