Ƙuri'ar da Na Jefa Saboda Anselm

Talata, 7 ga Nuwamba, 1916
Yau na jefa ƙuri'ata ta farko a zaɓen shugaban ƙasar Amurka. Mijina Konrad ya kai ni a keken doki yana ta mita, wai mace da ƙuri'a sai a Kansas. Shugaba mai ci na zaɓa, don ya ce ba ruwanmu da yaƙin Turai. Ɗa ɗaya gare ni, Anselm, shekararsa ashirin da biyu. Yayana Ulrich kuma yana can Jamus, 'ya'yansa uku duk suna fagen daga. Wane dogon tunani zan yi?

Asabar, 3 ga Fabrairu, 1917
An sallami jakadan Jamus saboda jiragen ruwan da ake nutsarwa. Amma shugaban bai ce yaƙi ba tukuna. Mutumin yana iya bakin ƙoƙarinsa, ni dai na gani.

Juma'a, 6 ga Afrilu
Mun shiga. Burodina ya ƙone.

Lahadi, 8 ga Afrilu
Muna dawowa daga coci Konrad ya ce, "To, Hedwig, ga mutumin naki." Haushin kaina nake ji, kamar da hannuna na miƙa yaron.

Asabar, 21 ga Yuli
Lambar Anselm ta fito a jarida cikin waɗanda za a ɗauka soja, ana tsakiyar sussukar alkama. Ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, ko na ga 'ya'yan Kawu ba zan gane su ba." Shi a ganinsa lallashina yake yi.

Laraba, 19 ga Satumba
Ya tafi a jirgin ƙasa. Maƙwabciyata Opal ta kawo mini ƙyallen nan mai shuɗin tauraro da ake ratayawa a taga, shaidar gida ya ba da ɗa. Na ce ta koma da abinta. Ni ban ba da shi ba, ɗaukar shi aka yi.

Lahadi, 7 ga Oktoba
Na ga hoton shugaban a jarida, ya rame, duk ya tsufa. Wataƙila da gaske bai so ba. Na karɓo ƙyallen wurin Opal, don dai ta daina damuna. Ɗinkinta ba kyau, sai da na warware na sake. Yana taga yanzu.

Da safe na yi wa Anselm addu'a, Allah Ya sa in ya harba kada ya yi kuskure. Sai da na tashi na tuna da Ulrich da 'ya'yansa.