A Je Mini Biko Bakura

Zuwa ga Yaya Taibatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da yara da mutanen Maradun. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina?

Ni lafiya lau nake a nan Kampala, ina koyar da shari'a kamar kullum. Kada ramar da kika gani a hoto ta dame ki, abincinsu ne bai karɓe ni ba. Ƙarar da na shigar kan jami'ar da ta kore ni a gida kuwa, an sake ɗage ta. Tsofaffin ɗalibaina ne lauyoyina, har kunyar kiransu nake ji.

Ga roƙona. Tun da matata Lantana ta yi yaji ta tafi Bakura, wai zaryar kotun nan ta ƙwace mata miji, ba wanda ya je biko. Ki roƙi Bappa Ayuba ya je. Kada ya kare ni. Duk abin da ta faɗa, ya ce haka ne. Na gaji da neman a ce ni ke da gaskiya, Yaya. Matata nake so ta dawo.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Mas'udu