Na Ja Igiya, Ka Fito

Bani Harisa, Madina
Rajab, 1407

Zuwa ga maigidana, inuwata a zafin Hijaz, ruwan sanyin randata, dabinon da ya fi ajwa zaƙi a bakina. Assalamu alaikum.

Hotonka ya iso. Wayyo ni Innayatu! Na dube ka a gindin wancan ƙaton tankin ruwa na Amurka, kana riƙe da ɗan sama jannati cikin farar rigarsa mai kumburi, na rasa ko in yi alfahari ko in yi kuka. Ka ce kuna koya musu gyaran madubin hangen taurari, wanda har yau ba a harba shi sama ba, kuma an roƙe ka ka ƙara wa'adi sai ya tashi. Haba, Abu Zenabu! Kana koyar da gyaran abin da bai lalace ba, ga zuciyar matarka tana tsatsa? Wane tauraro ne ya fi haƙƙin iyali nauyi ranar hisabi? Kuma ina tuna maka, wuni cikin ruwa ba alwala ba ce. Ka fito ka yi sallarka a kan lokaci.

Ka ce kana ɗaura wa mutumin dalma daidai gwargwado, don kada ya nutse, kada kuma ya taso. Ashe a kaina ka fara koyo! Haka ka bar ni, rataye a tsakiyar kewa, ban kai ƙasa na huta ba, ban kai sama na sha iska ba. In na fito Harami da yamma, tattabaru bibbiyu suke sauka, ni kaɗai nake komawa gida. 'Yarmu Zenabu ta daina tambayar yaushe za ka dawo, kuma shirunta ya fi tambayar ciwo.

Ka tuna ranar nan a Yanbu, muna sabon aure, da ka ɗaura igiya a ƙugunka, ka danƙa mini bakinta, ka shige teku? Ka ce dokar masu nutso ke nan: in na sama ya ja igiya, na ƙasa ba ya musu, ko da lu'ulu'u ne a hannunsa. Tsoro ya sa na ja tun kumfarka ba ta watse ba. Ka fito kana dariya, gishiri a gemunka, ba ka ce mini don me ba.

Ya hasken idona, ban taɓa sakin igiyar nan ba. Ta ci tafin hannuna, ban yi ƙorafi ba. Amma halas, ya isa haka, kada ka ƙara musu ko wata ɗaya. Azumi ya matso, kuma ba zan sake shimfiɗa tabarmar buɗa baki gefenka babu kowa ba.

Ga shi na ja. Ka san doka.

Taka, mai riƙe da bakin igiya har numfashin ƙarshe,
Innayatu