Kalmar da Ta Rage wa Baba

Canje, 4 ga Maris

Ƙanena Rafeek,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Shaneeza da yara. Yaya sanyin New York? Mu nan ƙauyenmu Canje sai godiya.

Ka tambayi jikin Baba. Wata goma sha ɗaya ke nan da shanyewar ɓarin jikin nan, har yau kalmar Turanci ɗaya ce ta rage a bakinsa: "anyway". Mutumin da ya shekara arba'in yana saran rake, bakinsa bai bar kowa ba daga manaja har alfadari. Ka san yadda yake da ita tun muna yara. In baƙo ya yi zaman dirshan, sai ya buga gwiwa ya faɗe ta, kowa ya nemi takalminsa. In Mama, Allah ya jiƙanta, ta ritsa shi da gaskiya, da ita yake sauya zance. In ruwa ya cinye shinkafa kuwa sai ya ja ta da tsawo, wato ko ma mene ne, gobe za a fita aiki.

Yanzu ita ce yunwa, ita ce fitsari, ita ce a juya shi. Gajeriya mai kaifi tana nufin a'a. Mai laushi da ɗaga gira, godiya ce. Ni kaɗai nake rarrabewa. Jiya na bar shi da maƙwabciyarmu Anti Zorina na je kasuwa, na dawo na tarar tana ɗura masa miyar waken dal, shi kuwa so yake a sauke shi daga lilo. Cewa ta yi, "Ke 'yar nan, uban nan naki rediyo ne mai tasha ɗaya."

Keken guragun da ka aiko ya iso, na gode, amma keke ba ya ɗaga mutum daga gado. Bayana ya ƙare, Rafeek. Na gaji.

Yayarka,
Nazmoon

Canje, 19 ga Afrilu

Rafeek,

Ina gaishe ku duka, da fatan tarin ƙaramar ya lafa.

Gidan kula da tsofaffin nan na garin New Amsterdam da ka yi ta magana ya sami gado. Sai dai ƙa'idarsu, mai hankalinsa ba a karɓarsa sai ya yarda da bakinsa. Ranar Talata ma'aikaciyarsu Misis Fraser ta zo da takarda. Na yi masa wanka, na sa masa farar rigar Juma'a. Ta durƙusa gaban kekensa ta tambaye shi ko yana son komawa can.

Mai kaifin ya faɗa. Ta sake tambaya, ya sake faɗa, har sau uku, idonsa a kaina. Ta juyo ta ce, "Me yake nufi?"

Na ce, "Ya ce to."

Ta rubuta, ta sha ruwan kwakwa, ta tafi. Ban gaya wa kowa ba sai kai. Kada ka turo min wa'azi. Wanda bai taɓa wanke zanen gadon nan ba ba shi da ta cewa. Na yi ƙarya, kuma abin da ya fi ci min rai, a ranar na yi barcin da na shekara ban yi ba.

Nazmoon

Canje, 8 ga Yuni

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Wasiƙarka ta iso, na gode da ba ka yi min faɗa ba, ko da yake da ka yi da ya fi min sauƙi.

Baba yana nan tsaf a gidan tsofaffin, har ya yi kumatu. Nas-nas ɗin sun fara gane masa, yini yake yana jefa musu kalmarsa suna dariya. Ni ce dai. Lahadi shida ina zuwa da gurasar roti da kifi, ko sau ɗaya bai buɗe min baki ba. Wancan makon na riƙe hannunsa mai lafiya na ce, "Baba, ko mai kaifin ce, ka faɗa min." Taga ya ci gaba da kallo. Nas ta shigo da shayi, ya ɗaga mata gira ya ba ta mai laushin.

Na kasa jurewa, na sami Misis Fraser na ce zan mai da shi gida. Ta ce ƙa'idar ɗaya ce, sai ya yarda da bakinsa. Ranar Alhamis ta tambaye shi a gabana ko yana son ya bi 'yarsa. Shiru. Ta sake tambaya, shiru. Sai ta juyo ta dube ni, alƙalami a hannu, tana jiran in fassara.

Na ce mata ban sani ba. Ta rufe takardar, na shiga mota na dawo gida ni kaɗai.

Ka gai da Shaneeza da yara. Ka sa mu a addu'a.

Yayarka,
Nazmoon