Zakaran Madam Jinet

Barazil, 4 ga Janairu

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarki, ina gwiwar nan? Yaya Habsa da ɗiyanta, da kowa na Filinge? Rumbu ya cika bana?

Ni lahiya lau. Ƙafa ce ta ɗan tsare ni sati uku ban je aikina a mayankar kaji ba. Kin san ɗanki, ko yunwa za ta kashe ni ba na miƙa hannu.

Maƙwabciyata Madam Jinet, tsohuwa ce Kirista 'yar Haiti, su tara a ɗaki guda. Sau biyu tana aiko abinci ina mayarwa. Ranar sabuwar shekara sai ga ta da zakara mai rai: "Ibrah, taimake ni, yanka mini irin na addininku." Na yanka. Da azahar ta kawo miyar kabewa. Ta ce kakanninsu bayi ne, su ke dafa ta amma ba a barinsu su sha, sai ranar da suka ƙwaci kansu, wata ranar sabuwar shekara. "Yau ba a shanta a ɓoye. Kuma ladan yankanka ne."

Inna, kwano biyu na sha.

Ki sa ta cikin addu'a. In baƙo ya ce miki ya ƙoshi, ki nemo mishi ɗan aiki.

Ɗanki,
Ibrah