Koren Bokiti a Layin Famfo

Sabon Tasha, Kaduna
12 ga Yuli, 1987

Zuwa ga ƙawata Adama, Maman Zamzam,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Malam Jibir da aikin layin dogo, yaya 'yata Zamzam? Ki gaida mini matan famfon kwatas ɗin reluwe duka, musamman Mama Afiniki.

Mun sauka lafiya. Tun rikicin da ya faru a garinmu a watan Maris, Baba Linus ya rantse ba zai ƙara cin damina a Kafanchan ba, kin kuma san shi da taurin kai. Ni da aka binne cibiyata a bayan tashar jirgi, ga ni nan ina tambayar hanyar kasuwa kamar baƙuwa. Famfo a nan cikin gidan da muke haya yake. Ki buɗe, ruwa ya zo, ki rufe, ki koma ɗaki. Ba layi, ba faɗa, ba wadda za ta ce zanenki ya karkace. Wannan ma rayuwa ce, Adama?

Abin da ya fi cin raina shi ne Gammo, takardarmu ta barkwanci. Ke ki kwaso abin da mata suka faɗa a layi, ni in buga a sitensil na injin kwafi, mu ninke mu cusa cikin gammon ɗaukar ruwa, ta bi kan mace har gida ba namijin da ya sani. Wane namiji ne zai taɓa gammo? Na sami aikin buga takardu a wani shago, kuma akwai injin. Ki riƙa rubuto labaran ki ba Nuru direba, ni in buga in aiko. Kada ki ce a'a, don zan yi kuka, kuma kin san kukana ba kyan gani.

Taki,
Nkechinyere


Kwatas ɗin Reluwe, Kafanchan
3 ga Agusta, 1987

'Yar Linus,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Duk muna lafiya, alhamdu lillahi. Wasiƙarki ta zo, na karanta wa mata a famfo, aka yi ta tsiyarki ana share hawaye da bakin zane.

Cikin gaggawar tafiya kin manta koren bokitinki mai lanƙwasasshen hannu. Kullum da safe ina fita da shi tare da nawa, in ajiye shi a layi ya riƙe miki wuri. Idan aka zo kansa sai a tsallake. Da farko wasu sun yi gunaguni, Mama Afiniki ta ce a bar shi, mai shi ta je ta dawo ne.

Ga labarai huɗu nan na haɗo a cikin ambulan. Na ƙarshen na Mama Afiniki ne, ki zauna kafin ki karanta. Kin san yadda take fitowa kowace safiya da tsintsiya tana shara a gaban Baba Bartholomew, tun daga bakin ƙofa har titi, mu kuwa muna cewa ga mace mai son miji da tsabta? Ashe ba shara ba ce. Talotalon maƙwabta yake tsoro! Mutumin da yake jan jirgi daga nan har Fatakwal, wanda in ya danna oda garken shanu ke watsewa, ba ya iya wuce tsuntsun nan sai tana gaba da makami. Ta ce in ya buɗe fuka-fuki sai Baba ya riƙe mata gefen zane yana addu'a ƙasa-ƙasa. Wallahi wata sai da ta zauna cikin caɓi don dariya.

Ta yarda a buga, amma ta kama kunnena ta ce in tuna miki ƙa'ida: abin da ya shiga gammo ba ya sauka daga kan mace. Na ce mata Nkechi ce fa, ita ta kafa ƙa'idar.

Ki gaida Baba Linus da Mama.

Ni ce,
Adama Jibir


Kaduna
20 ga Nuwamba, 1991

Adama tawa,

Salama da alheri. Na san na yi laifi, wata biyar ban rubuto ba sai dai saƙon baki ta wurin Nuru. Aiki ne ya sha kaina.

Ki duba abin da ke cikin ambulan nan. Gammo ce, mai bango mai launi da takarda mai sheƙi! Matan zumuntar coci ne suka fara karɓa hannu da hannu, sai masu kitso, sai malaman asibiti. Yanzu ana sauke ta a Jere da Kagarko, har Jos. Na bar shagon nan, na kama ofis mai ɗaki biyu, ina da 'yan mata uku masu rubutu. Mun fara kaset ma saboda waɗanda ba su iya karatu ba, masu shayi suna sawa. Wani mai sabulu ya zo da ƙafarsa yana roƙon a sa tallarsa a shafin baya. Ni Nkechi, ana kirana Madam.

Amma bari in faɗa miki gaskiya. 'Yan matan nan sun yi makaranta, sai dai a kan kujera suke ƙirƙiro abin dariya. In sun karanto mini sai in ce ya yi, alhali haƙorina ko motsi bai yi ba. Ranar da ambulan ɗinki ya zo ne kaɗai nake kulle ƙofa in yi dariya har cikina ya ƙulle, daga nan kuma in rasa abin da ya sa ni kuka. Jiya na ji ƙarar jirgi daga nesa, na tsaya cak a tsakiyar titi har mai babur ya zage ni.

Ki zo, Adama. Ki bar koyarwar firamaren nan, tebur ɗinki yana nan kusa da nawa. Malam Jibir zai sami aiki, Zamzam ta sami makaranta. Rabin abin nan naki ne.

Taki har kullum,
Nkechi


Kafanchan
9 ga Disamba, 1991

Madam,

Ina gaisuwa, tunda yanzu sai da rusunawa. Allah Ya ƙara ɗaukaka, Ya kare ki daga bakin mutane. Na yi murna ƙwarai, har na nuna wa Malam Jibir bangon, amma bangon kawai.

Mun gwada sabuwar a famfo. Ba ta ninkuwa, 'Yar Linus. Wadda ta matsa ta cusa ta a gammo, gefen takardar ya karce mata goshi, kuma santsinta ya sa bokiti ya zame ya jiƙa ta har ƙafa. Yanzu a hannu ake riƙe ta, shekaranjiya ma na ga wani ma'aikacin tasha yana karantawa yana wage baki. Abin bai kwanta mini ba, amma tunda labaran ba namu ne duka ba na yi shiru.

Maganar zuwa kuwa, ki yi haƙuri. In na taso, wa zai tsaya a layi ya ji? Labaran nan ba a kaina suke ba, a bakin mata suke, kuma ba sa faɗa sai ga wadda ruwa ya jiƙa zanenta tare da nasu. Ke ce ya kamata ki zo. Shekara huɗu kina cewa sai Kirsimeti. Zamzam da kika bari tana rarrafe yau ita ke ɗaukar mini bokitinki zuwa layi, tana tambaya ko mai shi doguwa ce.

Kewarki tana damuna, ban iya ɓoyewa ba.

Adama


Kafanchan
14 ga Mayu, 1994

Nkechinyere,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Ran Asabar da yamma duk kwatas an kunna shirinku na rediyo, maza a gindin mangwaro, mata a tsakar gida. Muna ta alfahari, 'yarmu ce. Sai ga wasan direban jirgi da talotalo. Kin canza sunansa, na ji. Amma kin bar tsintsiyar. Mace nawa ce a Kafanchan take shara a gaban mijinta har titi? Kafin a gama, maza sun juya suna kallon ƙofar gidansu.

Washegari samarin tasha suka fara kukan talotalo in ya wuce. Har a bakin coci an yi masa, shi da yake dattijo a can. Bai ɗaga mata hannu ba, bai ma ɗaga murya ba. Da ta fito da tsintsiya ran Litinin sai ya karɓa ya jingine a bango, ya ce, "Afiniki, shekara ashirin da shida ina tsammanin mu biyu ne muka sani." Ya fita shi kaɗai. Ta ce tana kallonsa ta taga, bai waiwayo ba.

Ta gaya mini wani abu da ba ta faɗa ba wancan lokacin. A wannan 'yar tafiyar ce kaɗai yake mata hira, daga ƙofa zuwa titi, don shi ba mai magana ba ne a gida. Yanzu babu.

In na iso famfo sai kowa ta yi shiru, sai ƙarar ruwa. Ni ce na rubuta da hannuna na ba ki, don haka ban ga laifinsu ba. Kada ki ƙara jiran ambulan daga wurina. Bokitinki kuma na ɗauke shi daga layi, yana bayan murhu a kife.

Adama


Kaduna
2 ga Satumba, 1996

Adama, Maman Zamzam,

Ina gaishe ki, ko da ba za ki amsa ba. Wannan ce ta bakwai. Nuru ya ce kina karɓa, kina sawa a jaka ba ki buɗe a gabansa ba.

A sauran wasiƙun na yi ta kawo dalilai: lokaci ya ƙure mana, yaran ofis ne suka tono tsofaffin takardu, na ɗauka shekara bakwai ta isa a manta. Yau ba zan kawo ko ɗaya ba. Ni na zaɓi labarin, don ya fi duk abin da muke da shi daɗi. Na tuna ƙa'idar sarai lokacin da nake sa hannu. Na ce a raina Kafanchan da nisa. Kin ji abin da na zama, mai ganin nisan gidansu.

Kamfani yana ta girma. Mutum goma sha ɗaya ke aiki, mun sayi kwamfuta, gidajen rediyo uku suna sa shirinmu. Wasan talotalo har yau shi aka fi roƙo, na hana a sake sawa, na sa an janye kaset ɗin, masu talla suna ganin na haukace. Baba Linus ya rasu a watan Yuni, mun kai shi ƙauye a gabas. A can suna kirana Bahaushiya, a nan Inyamura. Da ya fara ruɗewa a asibiti, sunayen tashoshi yake jerawa, kuma kullum a Kafanchan yake tsayawa.

Ba labari nake nema ba. Ina so in zo in durƙusa a gaban Baba Bartholomew da Mama Afiniki, in sun kore ni na cancanta. Amma ina tsoron in sauka a mota in rasa inda zan tsaya. Ki gaya mini kawai, in zo ko kada in zo?

Taki, in har kina so,
Nkechi


Kafanchan
16 ga Satumba, 1996

'Yar Linus,

Allah Ya ba ku haƙurin rashin Baba. Mutumin kirki ne.

Jiya na kai wa Mama Afiniki wasiƙarki, na karanta mata tun daga farko har ƙarshe. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Baba Bartholomew yana ɗaki, ƙofa a buɗe, ban san ko ya ji ba.

Yau da sassafe ta shigo gidana ko sallama ba ta gama ba, ta wuce bayan murhu, ta ɗauko bokitinki, ta kakkaɓe tokar da ke kansa ta fita da shi. Da na isa famfo na same shi a layi, a bayan nata. Ta ce in gaya miki kada ki zo da biro.

Ruwa yana zuwa ƙarfe shida. Ki taho da gammonki.

Adama