Jarkokin Zumar da Ƙuda Bai Bi Ba

Zuwa ga Yaya Zarghun, a Karachi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyar iyali da ciwon gwiwar nan taka. Mu nan lafiya, in ta jiki ake nufi.

Saƙonka ya iso. Ka ce in kai rago ƙofar Baffa Darwesh in durƙusa, yadda dattawa suka yanke, magana ta mutu. Kai ma ba ka tambaye ni abin da na gani ba.

Ka san da me na gina hujrata, zauren baƙin nan nawa. Daga karen mota na fara, babu gadon kowa a ciki. Na gina ta ne don baƙo ya ci, ya kwana, ba a tambaye shi daga ina ba, kamar yadda muka taras. Da Sartaj ɗan Baffa ya kawo min mutum biyu, ya ce fataken zuma ne daga Karak, hannu biyu na karɓe su. Da kaina na zuba musu koren shayi.

Amma Yaya, na daɗe ina dakon zuma. Duk yadda ka toshe jarka, sai ƙuda da kiyashi sun gano ta. Nasu jarkokin suna jingine da bango cikin zafin nan, ko ƙuda ɗaya babu. Na ce a ɗanɗana min, suka ce duk an saya. Ba su taɓa tambayar farashi ba, sai dai yaushe kasuwa ta fi cika ranar jajiberin Sallah, kuma ta wace ƙofa mata suke shiga.

Na kira 'yan sanda. Ban ɓoye sunana ba, ban saba ba. Bama-baman da aka zaro daga jarkokin, duk garin nan sun gani da idonsu. Aka tafi da baƙin, aka haɗa da Sartaj.

A zaman dattawa babu wanda ya ce na yi ƙarya. Laifina wai na miƙa baƙon da ya ci gurasata, ban fara zuwa wajensu ba. Na ce da na zo, wa zai fara ji in ba uban Sartaj ba? Sai Baffa ya ce, "Wanda ya girma a ƙarƙashin mota, ina zai san darajar shimfiɗa?" Aka yi dariya, har da Toryalai mai yadi, wanda shagonsa yake bakin ƙofar matan.

Tun ranar babu wanda ya taka hujrata.

Ka gaida yara.
Ƙaninka, Bakht Zamin

Zuwa ga Yaya Zarghun.

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an yi lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi.

Don girmanka na shiga kasuwa ranar jajiberi neman ragon. Ta cika maƙil. Mai ragunan yana miƙo min igiya ya ce, "Ranka ya daɗe ɗan sanda, a laluba cikinsa tukuna?" Na biya, na karɓi igiyar. A ƙofar matan na ga matar Baffa tana gwada wa jikokinta awarwaro. Ta gan ni, ta ja mayafi ta juya baya.

Na ja ragon har bakin lungun su Baffa, na tsaya ina shirya abin da zan faɗa. In ce a yafe min don yaran nan sun sami hannun sa awarwaro? Bakina ya ƙi. Na juyo gida.

Ranar Sallah na yanka shi, aka dafa da shinkafa, na shimfiɗa darduma, na buɗe ƙofar hujra. Mutane suka yi ta wucewa daga idi da sababbin kaya, babu mai sallama. Ni kaɗai na ci.

Na ji za ka zo bayan damina. Ka zaɓi inda za ka sauka, wajena ko wajen Baffa. Ba zan tambaye ka dalili ba. Kai ma baƙo ne yanzu.

Wassalam.
Bakht Zamin